Tubalin Masallacin Baƙuwa

A shekara ta ashirin da bakwai ta sarautar Sarki Mazawaje, mai Birnin Gamaje da garuruwa arba'in da ke bin ta, aka kira ni majalisa karo na farko, kuma ba don ilimina ba. Ni ne Malam Cindo, mai rubuta wa Uwar Soro Yakura wasiƙa, wato babbar matar Sarki. Aikina in zauna a wajen asabari, ta faɗa daga ciki in rubuta, a kawo mini tuwo in tafi. Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ban kuma taɓa rasa tuwon ba, saboda haka ban ga abin ƙorafi ba.

Kwana uku kafin ranar, zuma suka tashi daga kukar ƙofar fada, masu duba suka ce alheri ne. Da hantsin Talata ɗan saƙo ya shigo ta Ƙofar Kudu a kan doki mai zubar da kumfa, ya ce Sarkin Barkume ya ƙetare kogi da rundunar da ba a ganin ƙarshenta, kwana shida ya rage masa ya iso. Nan take masu duban suka tuna cewa dama sharri suka ce.

Sarki ba ya gari. Wata biyu ke nan da ya tafi yamma da Madawaki da mafi yawan mayaƙa, yana ladabtar da wasu duwatsu da suka ƙi biyayya. Wanda ya bar wa riƙon gari shi ne Galadima Tankari, ɗan baffansa, mutum mai faɗin ƙirji da muryar da ke cika zaure. Aka tura mahayi ya kira Sarki, sannan Galadima ya tara waɗanda suka rage.

"Ya ku dattawan Gamaje," in ji shi, "ganuwar kakanninmu ba ta taɓa ba mu kunya ba. Za mu rufe ƙofofi bakwai, mu jira mai gari. Akwai mai magana?"

Sarkin Gini Arzika, wani siririn tsoho da ƙasa ba ta rabuwa da farcensa, ya ɗan gyara zama.

"Allah ya taimaki Galadima. Ƙofofi za su rufu. Amma daga Ƙofar Kudu zuwa rijiyar marina, taku ɗari uku, babu abin da za a kira ganuwa. Jiya na ga akuya ta hau ta sauka, ko numfashi ba ta gyara ba."

Kowa ya san dalili. Al'adar Gamaje ce duk shekara bayan girbi kowace unguwa ta fito gayya ta yaɓe rabonta na ganuwa. Wancan yanki rabon Unguwar Marina ne. Shekara tara da suka wuce Uwar Soro ta roƙi Sarki hannayen da za su gina mata masallaci, shi kuwa ranar yana cikin nishaɗi, ya ba ta gayyar marina gaba ɗaya. Wannan majalisa ce ta yi kabbara a ranar, kuma an ce Galadima ya fi kowa ɗaga murya. Masallaci ya tashi, da hasumiyar da babu kamarta daga nan har bakin hamada. Damina tara kuma ta wanke ganuwar da babu mai taɓa ta.

"To a gina," in ji Galadima. "Ga mutane, ga ƙasa."

"Ranka ya daɗe, ƙasa sai an kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwana bakwai. A mulmula tubali, a shanya shi kwana goma. In na ɗora maka ɗanye, da kafaɗa za su ture shi suna dariya. Busasshe nake so, mai yawa, kuma yau."

"Ina za a same shi?"

"Wuri uku yake a garin nan. Gidan Sarki." Kowa ya kawar da kai. "Gidan Galadima." Galadima ya yi tari. "Amma duka biyun suna can arewacin gari, ɗaukowa kaɗai zai cinye kwanakin. Na ukun kuwa jifa ɗaya ne tsakaninsa da giɓin."

Bai faɗi sunan na ukun ba. Duk ido ya koma kan Liman Sidi, Bawangaren malamin da Uwar Soro ta sa aka ɗauko daga yamma mai nisa, da raƙuma shida na littattafai. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Abin da aka ba Allah ba a karɓarsa. Bakina ba zai ce a rushe ɗakin Allah ba."

"Wato ka ce kada a rushe?"

"Ban ce haka ba, Galadima."

Ni da nake rakuɓe kusa da takalma, na ji daɗin wannan fatawa ƙwarai. Duk inda gari ya waya, ba za a kama ta da laifi ba.

Galadima ya miƙe, ya yafa alkyabba. "Ba mu muka roƙi gayyar marina ba. Ba mu muka aza harsashi ba. Hannun da ya gina shi ne ke da bakin cewa a sauke. Mu bayin Sarki ne, ba za mu taɓa kyautar da ya yi wa cikin gida ba sai cikin gida ta ce. Ina malamin nan nata?"

A nan na gane dalilin kirana.

Jakadiya ta shigar da ni soron da na saba. Na durƙusa a gaban asabari, na yi gaisuwa, na zayyana duk abin da aka yi. Ta bar ni na kai ƙarshe. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, kuma har lokacin Hausarta na ɗauke da harshen gabas. Daga bakin babban tafki mahaifinta ya aiko ta, tafiyar kwana arba'in, ranar da aka ƙulla amana tsakanin sarautu biyu. Shekara ashirin da shida tana gidan Sarki, amma a kasuwa da bakin rijiya sunanta Baƙuwa.

"Malam, wa ya ambaci sunana a majalisar?"

"Babu, ranki ya daɗe. Cikin gida suke cewa."

"To. In ganuwa ta tsaya, ganuwar Galadima ce. In Sarki ya dawo ya husata, ni na rushe masallaci. In malamai sun rubuta, ni za su rubuta."

"Allah ya ja zamaninki, kamar kina zaune a wurin."

"Kai me ka gani?"

"Ni dai na ga wuya ɗaya gare ni, kuma an ce mutanen Barkume ba su san darajar mai rubutu ba."

Na ji ta yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai wa ciki.

"Da mutum sittin na zo garin nan," in ji ta. "Wasu sun koma, wasu suna ƙasa. Ta ƙarshe mai jin yarena, tsohuwar da ta goye ni, ta rasu shekara huɗu ke nan. Yanzu ba na yin yaren sai da Allah. 'Ya'ya uku na haifa wa Mazawaje, babu wanda ya kai yaye. Ran da ya rufe ido, za a kwashe ni da tabarmata a kai gidan tsofaffin matan sarakuna, a manta. Ban damu da a manta ba. Amma na so in tarar da wani abu a can gaba wanda na aika da hannuna. Na zana wa Arzika masallacin a kan rairayi, ta bakin Jakadiya, daidai da na garinmu. Ka sani ko, Malam, ban taɓa shiga cikinsa ba?"

Na sani. Matar Sarki ba ta taka titi. Kan hasumiyar kaɗai take hangowa daga tsakar gida, kuma don kada a hango ta daga can ne aka zaɓi makaho ya zama ladan.

"Mutum nawa ke cikin ganuwa?"

"Da na ƙauyuka da ke ta kwararowa, Allah kaɗai ya san iyaka."

"Koma ka ce wa Galadima, Yakura ta ce a rushe. Ka faɗi sunan da ƙarfi, yadda har mai riƙe da takalma zai ji. Sharaɗi ɗaya. Gobe da safe zan shiga, in ga abin da na gina."

Galadima ya yi gunaguni a kan al'ada, amma kwana shida ba su bar wa al'ada wurin zama ba. Washegari da sassafe aka kore mutane daga hanya, dogarai suka juya baya suna kallon bango, kuyangi suka kewaye ta da zannuwa kamar ɗaki mai tafiya. Ni da Sarkin Gini muka tsaya a ƙofar masallaci, fuskokinmu ga katanga. Ita kaɗai ta shiga. Muna jin takunta a hankali, ta tsaya, ta ci gaba, ta tsaya. Ta jima ƙwarai. Da ta fito, ta tsaya a bayanmu.

"Sarkin Gini."

"Ranki ya daɗe."

"Ginshiƙi na uku daga alƙibla ya ɗan karkace."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Shekara tara ina roƙon Allah kada kowa ya lura. Liman kullum a gabansa yake wucewa."

"Na garinmu ma haka yake. Ka yi gini mai kyau, Arzika. Ka sauke shi da kyau, kada a fasa tubali ko ɗaya a banza."

Na saci kallonsa. Hawaye na bin ƙasar da ke kumatunsa.

Ladan ya hau ya kira azahar ta ƙarshe, ya sauko yana shafa bango. Magina suka hau bayansa da gatura, suka fara daga ƙololuwa. Aka yi layi biyu daga masallaci zuwa giɓi, maza da mata, tubali na tafiya hannu da hannu. Mata na ɗebo ruwa, marina na kwaɓa ƙasar ɗori, azarar rufin masallaci ta koma ƙashin ganuwa. Liman Sidi ya kwashe littattafansa ya koma gindin wata tsamiya, ya juya wa aikin baya, don kada a ce ya gani. Ni ma na shiga layi rabin yini, har wani tubali ya sauka a babban yatsana, aka sallame ni da girmamawa. Kafin in fita na ji abin da ke yawo a bakin mutane tare da tubalin: Baƙuwa ta gina, Baƙuwa ta rushe, Allah ya raba mu da alhakinta. Masu faɗin haka su ne waɗanda ake ginin don wuyansu.

Ranar Lahadi da yamma, inda masallaci yake ya zama fili, sai tudun alƙibla da Arzika ya ƙi bari a taɓa. Inda giɓi yake kuwa ganuwa ta kai tsayin mutum uku. Nan da can ana ganin guntun farin zane na cikin masallaci ya leƙo daga jikinta, wani a karkace, wani a kife.

Da hantsin Litinin ƙura ta tashi a kudu. Rundunar Barkume ba ta ko kalli sauran ƙofofi ba, kai tsaye ta nufo yankin marina. Daga baya muka ji cewa wani farke mai sayar da kanwa ne ya auna musu wurin da sandarsa a bara, ya ce ba sai sun wahala da tsani ba. Suka zo da tsani bai fi goma ba. Na ga na gaba sun ja linzami, suna ɗaga kai, suna duban juna, kamar baƙon da ya ɓata gida.

Sarkin Barkume bai zo daga nesa don ya koma da mamaki ba. Aka busa ƙaho, 'yan garkuwa suka ruga, maharba na rufa musu. Kibau suka yi ta sauka a kanmu. Mayaƙanmu ba su da yawa, amma marina sun hau rabonsu na ganuwa, karo na farko cikin shekara tara, kuma sun hau da abin da suka iya. Suka tafasa ruwan baba da toka a manyan tukwane, duk wanda ya kafa tsani aka juye masa. Sau uku Barkume ta taso, sau uku ta koma, kuma na ƙarshen da suka gudu shuɗaye ne tun daga kai har gwiwa. A karo na biyu sun samu gindin ganuwa da gatura, inda ɗorin bai gama bushewa ba, wani ɓangare ya zube, mutanenmu goma sha ɗaya suka tafi da shi. Azara ta riƙe sauran. Ni aikina miƙa kwari, na kuwa yi shi daga bayan wani kauri na bango da na zaɓa tun da safe.

Da la'asar suka janye. Don haushi suka cinna wa ƙauyukan waje wuta, da rumbuna, da karan gonaki, sannan suka koma bakin kogi suna sassaƙa tsani. Hayaƙi ya rufe Gamaje kwana biyu. A cikin gari maroƙa suka fito da sabon kirari, Tankari mai ganuwar kwana biyar. Na kai wa Uwar Soro labari, ta ce alhamdu lillahi, ta tambayi sunayen goma sha ɗayan, ta sa na rubuta su.

Ranar Laraba da hantsi wani mahayi shi kaɗai ya tsaya a Ƙofar Yamma yana kallon masu gadi kamar ya ga fatalwa. Barde Kosau ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi da Sarki. Aka kai shi majalisa, ni kuma tun da an saba ganina kusa da takalma, babu wanda ya kore ni.

"Ina mai gari?" in ji Galadima.

Barde ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya taimake ka, saƙonku ya iske mu, muka taso ba tsayawa. Jiya da safe muka hau Tudun Gawo. Kowa ya sani, daga nan ake fara hango hasumiya. Muka duba, hayaƙi. Muka jira iska ta ɗaga shi, babu hasumiya. Sarki ya ce a sake dubawa. Madawaki ya ce, ranka ya daɗe, Bagamaje ba zai rushe masallacinsa da hannunsa ba, wannan aikin Barkume ne, gari ya ci wuta, kada mu kai sauran mutanenka cikin tarko. Sarki ya daɗe a kan doki yana kallon hayaƙin. Sannan ya juya arewa, zuwa Kwandage wurin dangin mahaifiyarsa, da rundunar duka. Ni na sulale ne in zo in binne tsohuwata. Na tarar da ita a ƙofar gida tana tankaɗe."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

"A tura mahayi yanzu," in ji Sarkin Gini. "Kwana biyu zai cim musu."

Na ga Galadima yana duban zauren, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, har idonsa ya tsaya a kan shimfiɗar Sarki da babu kowa a kai.

"Ya ku dattawan Gamaje," ya fara, a hankali. "Mun tsaya a kan ganuwa da marina da mata. Mun binne goma sha ɗaya. Wanda Allah ya ɗora wa garin nan ya zo har inda zai ji kukan jakinmu, bai aiko ko mutum ɗaya ya leƙa ba, ya juya. Ban kira shi da wani suna ba, ɗan'uwana ne. Amma abokin gaba na bakin kogi, kuma gari ba ya kwana babu mai shi. Daga yau babu dokin da zai fita ƙofa sai da izinina. Liman, me littafi ya ce?"

Liman Sidi ya shafa gemu. "Littafi ya ce jama'a ba ta zama babu shugaba."

Wannan karon fatawar ta fito da wuri.

Kafin azahar aka buga tambura. Ina durƙushe a gaban asabari lokacin da sautinsu ya ratsa soron. Jakadiya ta riga ta kawo saƙon sabon mai gari: Uwar Soro ta bar ɗakin nan kafin Juma'a, kuma majalisa za ta duba maganar rushe ɗakin Allah, wanda ya jawo wa gari rabuwa da sarkinsa.

"Malam, ka yi magana da barden?"

"Na yi, ranki ya daɗe."

"A kan tudun, da Mazawaje ya ga hayaƙin. Ya tambayi wani?"

Na yi niyyar ƙarya, har na shirya ta tun a hanya. Amma shekara goma sha tara tana sauraron muryata ba tare da fuska ba, ta san inda take rawa.

"Ya ce, tambura sun tafi ke nan. Ya ambaci dawakin barga."

"To."

Tamburan suka ci gaba. Na jira kuka, ban ji ba.

"Da alƙalami a jikinka?"

"Kullum."

"Rubuta. Daga Yakura zuwa ga Mazawaje. Garinka na nan, mutanenka na ciki. Ni na rushe, ba Barkume ba. Tankari ya hau shimfiɗarka, abokin gaba na sassaƙa tsani. Ka dawo don garin. Ni kuwa ka yi mini hukuncin da ka ga dama."

"Shi ke nan? Babu gaisuwa?"

"Ya sha gaisuwa shekara ashirin da shida."

Na busa tawada, na naɗe takarda. "Wa zai kai, ranki ya daɗe? An hana doki fita."

"Doki aka hana. Kai me kake hawa?"

Na buɗe baki in kawo uzuri. Ina da yatsa mai ciwo, ina da gwiwa, ina da shekaru hamsin da ɗoriya, kuma na ji an ce sabon mai gari na neman marubuci. Duk na jera su a raina, kowanne da hujjarsa. Sai na duba soron. Kuyangin da suka saba cika shi sun tafi kallon tambura. Jakadiya ma ta fita. Daga ni sai asabari.

"Jaki nake hawa, Allah ya ja zamaninki."

"Allah ya kai ka, Malam. Ba ni da wani."

Baduku ya ɗinke mini takardar cikin fata kamar laya, na rataya ta cikin sauran layuna. A Ƙofar Yamma na ce wa masu gadi zan je ƙauye in yi wa wata mai naƙuda rubutu. Suka duba ni, suka duba jakin, suka ga babu cin amanar da za ta iya tafiya da wannan sauri, suka buɗe.

Da la'asar sakaliya na kai Tudun Gawo. Kashin dawakin Sarki na nan bai bushe ba, sawunsu ya karkata arewa. Na sauka don jakin ya huta, na tsaya daidai inda ƙasa ta fi tattakuwa, na waiwaya. A raina na zo da zagin Sarki iri-iri, na tanade su tun daga ƙofa. Hayaƙi ya lafa, sarari ya buɗe, ga gari can shimfiɗe, jan bango da kan bishiyoyi, babu abin da ya ɗaga kai sama da wani. A garin nan aka haife ni, kuma na san Uwar Soro tana ciki ita kaɗai tana naɗe tabarma. Na daɗe ina kallo. Wallahi ni ma ban gane shi ba.